JAWABI GA 'YAN KASUWA A KAN RATAR ILMI TSAKANIN ƘASASHE

'Yan'uwana talakawa, 'yan tebur da 'yan koli da masu awo.

Maganar da na zo da ita yau ta ilmi ce, kuma da lissafi zan fara, don ku mutanen ciniki ne. Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta faɗa a rahotonta na 1924, a'a, ku gafarce ni, ban yi nisa haka ba, na 2024, cewa yara da samari miliyan 251 ne a duniya ba su zuwa makaranta. A ƙasashen masu arziki, cikin yara 100 guda 3 kaɗai ke zaune gida. A ƙasashen matalauta kuwa 33 ne, watau ɗaya cikin uku. Manya waɗanda ba su iya karatu da rubutu ba sun haura miliyan 700, kuma kusan kashi biyu cikin uku mata ne.

To, me ya kawo wannan rata? Akwai masu cewa wai talaka ne ba ya son makaranta, wai ya fi so ɗansa ya tafi talla ko kiwo. Wannan magana ba ta da tushe, kuma ga shaida.

A 1955 Gwamnatin Jihar Yamma ta Cif Awolowo ta mai da karatun elementare kyauta. Cikin shekara guda 'yan makaranta suka tashi daga wajen 457,000 zuwa fiye da 800,000. Ƙasar Uganda ta soke kuɗin makaranta a 1997, nan take yaran suka ƙaru daga kimanin miliyan 3 zuwa sama da miliyan 5. Kenya ta bi sahu a 2003, aka sami ƙarin yara fiye da miliyan ɗaya. Shin ina waɗannan yara suke a da? Suna gida, don uban ba shi da abin biya.

A can Kenya ɗin ma aka yi wani abin mamaki. Wani dattijo mai suna Kimani Maruge, wanda ya yi yaƙin Mau Mau da Turawan Ingila, ya tafi makarantar elementare a Eldoret a 2004 yana da shekara 84. Ya sa gajeren wando irin na 'yan makaranta, ya zauna aji ɗaya da sa'o'in jikokinsa. Cikin dalilansa har da son ya iya ƙidaya kuɗinsa da kansa. Ku da kuke dangwala yatsa a takardar da ba ku san abin da ke cikinta ba, ku da ake miƙa wa rasidin haraji ku karɓa bisa amana, ai kun fi kowa gane nufin wannan tsoho.

Amma fa kada a ruɗe ku da yawan sunaye a rajista. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2022 cewa a ƙasashen matalauta da masu matsakaicin hali, cikin yara 10 'yan shekara goma, 7 ba su iya karanta ɗan gajeren labari su gane shi. A Afirka kudu da Sahara kusan 9 ne. Yaro ya shekara huɗu yana zuwa, yana zaune a ƙasa cikin ɗaki cunkushe, malami ɗaya, littafi babu, ya fito bai iya rubuta wasiƙa ba.

Dalilin yana ga kuɗi. A 2022 abin da gwamnatin ƙasa matalauciya ke kashewa a kan ɗan makaranta guda a shekara bai wuce dala 55 ba. Ƙasa mai arziki kuwa tana kashe fiye da dala 8,000. A wannan shekara abin da ƙasashen Afirka suka biya na bashi ya kusa kai abin da suka kashe wa ilmi. Da wace igiya za a ɗaure malamin kirki ya zauna a ƙauye?

Saboda haka ina roƙonku abu biyu. Kowa ya koma gida yau ya miƙa wa ɗansa ko 'yarsa wannan jarida, ya ce karanta mini. In ya kasa, ku taru ku tafi wurin hedimasta tare, kada mutum ya tafi shi kaɗai. In kuma mai neman ƙuri'a ya shigo kasuwar nan, ku tambaye shi nawa aka ware wa makarantun garin nan bana, nawa ya iso, malamai nawa aka ɗauka.

Wassalamu.