Yabon Kai Jahilci, Amma Bayar da Shaida Fa?

Jawabin da aka gabatar a zaman matasa masu neman aiki, a taron ƙungiya na shekara-shekara



An umarce ni da in yi wa ƙannenmu bayani a kan intabiyun ɗaukar aiki, saboda na shafe shekaru ina zama a kwamitin da ke tantance masu neman aiki. Ba zan taɓo batun sutura ko zuwa a kan lokaci ba, kowa ya san wannan. Nau'in tambaya guda ɗaya zan ɗauka, wadda na ga tana kayar da 'ya'yanmu a matakin ƙarshe, bayan sun ci jarrabawar rubutu, takardunsu kuma ba su da aibi. Ita ce tambayar da kan fara da: "Ba mu labarin wani lokaci da ka..."

Wata shekara wani saurayi daga wannan yanki namu ya zauna a gabanmu, da digirinsa mai kyau. Aka ce masa ya ba da labarin lokacin da saɓani ya tashi tsakanin mutanen da yake aiki da su, da yadda ya yi. Sai ya sunkuyar da kai ya ce shi mutum ne mai haƙuri, bai taɓa samun matsala da kowa ba. Aka sake juya masa tambayar, ya maimaita amsar. Takardar da ke gabanmu tana da gurbin maki ga abin da mutum ya aikata, ba ta da gurbi ga abin da ya ce shi ne. Haka ya tashi ba maki. Bayan watanni na haɗu da kawunsa a wajen wani ɗaurin aure, a nan na ji cewa yaron nan shi ne ya raba rigimar taki a ƙungiyar manoman ƙauyensu. Buhu 40 aka samu, sunaye 60 ke cikin littafi, har an fara ɗaga murya. Shi ya zauna da dattawa, ya bi gonaki ya ƙiyasta girmansu, ya kawo shawarar a bai wa masu ƙananan gonaki rabin buhu, ya rubuta rabon a gaban kowa, aka watse lafiya. Amsar da muke nema ke nan, tana aljihunsa, ya koma da ita gida.

Wannan salon tambaya yana da asali. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, John Flanagan, yana cikin masu binciken dalilin da ke sa ɗaliban tuƙin jirgin saman soja faɗuwa. Ya tarar rahotannin malamansu cike da maganganun dunƙule, irin su wane ba shi da basira, waɗanda ba sa koya wa kowa kome. Sai suka koma tattara ainihin abin da ya faru: me matuƙin ya yi, a wane hali, me ya biyo baya. A 1954 ya wallafa wannan hanya. A 1982 wani masani a Kanada, Tom Janz, ya gwada irin wannan tunani a kan intabiyu, bisa hujjar cewa abin da mutum ya aikata a baya shi ne mafi kusa da nuna abin da zai aikata a gaba. A 1998 kuma Schmidt da Hunter suka tattara binciken shekaru 85, suka nuna cewa intabiyu mai tsararrun tambayoyi ya fi hirar kara-zube gano wanda zai iya aiki. Shi ya sa hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da manyan kamfanoni irin su Amazon suka riƙe shi. Mu ma ba baƙonmu ba ne: idan za a ba da aure, ba a tambayar saurayi ko shi mutumin kirki ne, zamansa da mutane ake bincika.

To ina matsalar take? A ganina tana cikin tarbiyyarmu, tarbiyyar da nake alfahari da ita. An raine mu a kan kunya da kawaici, an ce mana yabon kai jahilci. Gaskiya ne. Amma wanda ya ce "ni gwani ne" yabon kansa ya yi. Wanda ya ce "buhu 40 aka kawo, ga yadda na raba" shaida ya bayar, kuma ana iya bincikawa. Kwamiti shaida yake nema. Ƙannena mata, wannan ya fi shafarku, domin na sha ganin yarinya da ta gudanar da adashen mata 30 shekara biyu ba a rasa ko kwabo ba, amma a tambaye ta ko ta taɓa riƙe amana ta rasa ta cewa.

Labarin yana da tsari mai gaɓa huɗu, wanda Turawa ke taƙaitawa da STAR: halin da ake ciki, nauyin da ya rataya a wuyanka, matakin da ka ɗauka, sai sakamako. Gaɓa biyun farko jimla biyu ko uku sun ishe su. Kuskurenmu shi ne mu ɓata lokaci wajen shimfiɗa, kamar mai kai ƙara gaban dagaci, har a katse mu ba mu kai ga abin da muka yi ba. Mafi yawan maganarka ta tafi a kan matakin. A nan kuma dole bakinka ya saba da "na". Mun saba da "muka yi", "aka yi", saboda ladabi, to amma ba gayyar ƙauyenku za a ɗauka aiki ba, kai za a ɗauka. Ka faɗi abin da jama'a suka yi, sannan ka ware naka. Duka labarin kada ya wuce minti biyu.

Kada wani ya ce bai taɓa aiki ba, don haka ba shi da labari. Wanda ya taso a Rimin Gado, ko Gulu, ko Butu-Butu, ko Karofin Yashi, ya yi noma da damina ya kuma shirya jarrabawa, ya san yadda ake raba lokaci. Wanda ya yi bautar ƙasa ya koyar da aji mai cunkoso a garin da ba ya jin harshensu. Wasunku sun yi aikin wucin gadi na zaɓe, wasu sun bi gida-gida a rigakafin shan inna sun shawo kan magidancin da ya ƙi. Ka zauna da biro ka fitar da labarai biyar ko shida: saɓanin da ka sasanta, aikin da lokaci ya ƙure maka, ranar da ka jagoranci wasu, ranar da ka saɓa da na gaba da kai cikin ladabi, da kuskuren da ka tafka. Labari ɗaya yakan amsa tambaya biyu ko uku.

Na kuskuren nan shi ya fi wuya. Wanda ya ce bai taɓa kuskure ba, kwamiti zai ɗauka ko dai bai taɓa ɗaukar nauyi ba, ko kuma yana ɓoyewa. Ka kawo kuskure na gaske, ka amsa laifinka ba tare da jingina shi ga wani ba, ka faɗi abin da ka sauya daga ranar. Kuma ina roƙonku kada ku ari labarin wani ko ku haddace na intanet. Bayan kowace amsa akwai ƙananan tambayoyi: su wa ke wurin, me shugabanka ya ce, kwana nawa aka ɗauka? Ramin ƙarya ƙurarre ne, a tambaya ta uku ake kai ƙarshensa.

Saura harshe. Da Turanci za a tambaye ka a mafi yawan wurare, labarin kuwa da Hausa ya faru. Idan ba ka taɓa furta shi da Turanci da babbar murya ba, a gaban kwamiti zai sarƙe maka. Ka faɗe shi ga aboki, ya riƙe agogo, ya kuma yi maka tambayoyin ƙure.

A nan nake da buƙata ga yayyenmu mazauna birni. Kullum ana kawo muku takardun yara a ce ku sama musu hanya, kuma sau da yawa hanyar ba ta hannunku. Amma awa biyu tana hannunku. Ina ba shugabannin ƙungiya shawarar a ware yini guda cikin hutun Babbar Sallah, lokacin da yawancinmu ke gida, a samu aji ɗaya a makaranta, mutum uku-uku su zauna a matsayin kwamiti, matasa su shigo ɗaya bayan ɗaya a yi musu gwaji, a faɗa wa kowa inda ya gaza. Ni na sa sunana a farkon takardar, tana wajen sakatare ga mai son ya ƙara nasa.