Me Ke Riƙe Hannu Daga Algus?

   

Yau zancenmu a kan gaskiya a cikin sana'a ne. Kada wata ta ce ai ni ba na fita, ina ruwana da zancen kasuwa. Uwargida, kasuwa tana cikin gidajenmu. Man gyaɗa, ƙosai, waina, dambu, zoɓo da kunun aya, da yawansu daga bayan katanga suke fitowa, daga hannunmu. Wadda take da tanda da tire da mai kai mata talla, ai ƙaramin kamfani gare ta: ga uwar kuɗi, ga ma'aikata, ga masu saye. To tambayar da nake so mu juya tare ita ce, in kin samu damar yin algus, kuma kin tabbata babu mai ganewa, me ke riƙe hannunki?

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna bin diddigin irin wannan tambaya. Akwai wani malami a Amurka, Lawrence Kohlberg, wanda a 1958 ya kammala wani bincike a jami'ar Shikago. Ya zauna da yara maza 72, 'yan shekara 10 zuwa 16, yana ba su labarai masu sarƙaƙiya yana jin ta bakinsu. Wanda ya fi yin suna shi ne labarin wani mutum da matarsa take kwance rai a hannun Allah. Mutum guda ne a garin yake da maganin cutar. Dala 200 ya kashe a kansa, amma ya ce sai an ba shi dala 2000. Mijin ya bi dangi da abokai ya haɗa rabin kuɗin, ya roƙi a yi masa ragi ko a ɗaga masa ƙafa, mai magani ya ce atafau. Sai mijin ya fasa shagon ya ɗauki maganin. Nan sai malamin ya tambayi yaro, ya kyautu mutumin ya yi haka? Ko yaro ya ce e, ko ya ce a'a, malamin bai damu ba. Dalilin da zai kawo shi yake saurare.

Daga waɗannan dalilai ne ya ce tunanin mutum a kan daidai da ba daidai ba girma yake yi, kamar yadda jiki ke girma. Ya lissafa matakai shida, ya kasa su hawa uku kamar bene. A hawa na farko tsoro da kwaɗayi ke aiki: ba zan yi ba don kada a doke ni, zan yi don a ba ni tukuici. Nan ƙananan yara suke. A hawa na biyu idon mutane da doka ke aiki: me za a ce da ni, me hukuma ta ce. Yawancin manya a nan suke tsayawa. A hawa na uku kuwa mutum ya riga ya riƙe ƙa'ida a zuciyarsa, yana kiyaye haƙƙin wani ko babu ɗan sanda, ko babu mai yabo.

Bari in sauko miki da shi tsakar gida. Ga mata uku masu man gyaɗa, babu wadda take gauraya shi da wani mai. Ta farko tsoro take yi kada a gane a dawo mata da kaya. Ta biyu sunan gidansu take karewa, kada a ce 'yar gidan wane tana ha'inci. Ta uku cewa take yi, kuɗin man gyaɗa aka ba ni, in na ba da wani abu daban na ci haƙƙi. In kika saya yau, man duka iri ɗaya ne. Ranar da za ki gane bambancinsu ita ce ranar da gyaɗa ta yi tsada, mai sayen kuma matafiyi ne a tasha, wanda bai san gidan ba, ba kuma zai sake dawowa ba. Ranar nan abin da ya riƙe ta farko da ta biyu ya kau. Ta uku kaɗai ce nata yake tare da ita.

Wannan ba baƙon zance ba ne a wurinmu. Malaman tarihi sun kawo labarin wata mai sayar da madara a Madina, zamanin Sayyadina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda. Yana zagayen dare sai ya ji uwa tana umartar 'yarta ta ƙara ruwa a madara. 'Yar ta tuna mata cewa Halifa ya hana. Uwar ta ce ai Halifa ba ya ganinsu a wannan dare. 'Yar ta nuna mata cewa in shi ba ya gani, Ubangijinsa Yana gani. Kin ga, uwar tana hawa na farko, yarinyar ta yi mata nisa. An ce Umar ya aura wa ɗansa Asim wannan yarinya, kuma daga tsatsonta aka samu Umar ɗan Abdul'aziz, shugaban da ake buga misali da adalcinsa.

Sai dai kin lura na ce yara maza zalla malamin ya fara tambaya. Wata malama da ta yi aiki tare da shi, Carol Gilligan, ta tayar da wannan magana a littafin da ta fitar a 1982. Ta ba da misalin yara biyu 'yan shekara 11 da aka yi wa tambayar mai magani. Namijin ya auna abin kamar lissafi, ya ce rai ya fi dukiya, don haka a ɗauka. Macen kuwa ta damu da abin da zai biyo baya: in aka ɗaure mijin, wa zai yi jinyar matar? Ta ce a koma a zauna da mai magani a nemi mafita. A ma'aunin farko an sa yarinyar ƙasa da yaron. Malamar ta ce ina, ba ƙarancin hankali ba ne, wata hanyar tunani ce, ta kula da mutane da gudun cutar da su. Binciken da aka yi daga baya ya nuna maza da mata duka suna amfani da hanyoyin biyu. Amma darasin ya zauna: bayan kin tambayi kanki mene ne haƙƙi, ki ƙara da cewa wa zai sha wannan abin, ɗan wa ne?

To yanzu mu ɗaga kai mu dubi manyan kamfanoni, don su ma wannan benen suke hawa. A 1970 wani masanin tattalin arziki a Amurka, Milton Friedman, ya rubuta cewa aikin kamfani shi ne ya nemo wa masu shi riba, matuƙar bai karya doka ba, bai yi yaudara ba. Wasu masana suka ce bai wadatar ba. Kamfani ɗan gari ne. Ruwan garin yake sha, hanyar garin yake bi, 'ya'yan garin yake ɗauka aiki, don haka haƙƙin maƙwabtaka yana kansa kamar kowane magidanci.

Ga misalin da ake yawan karantarwa a makarantun kasuwanci. A ƙarshen Satumba 1982 mutum bakwai suka rasu a yankin Shikago, cikinsu har da yarinya 'yar shekara 12, bayan sun sha maganin ciwon jiki mai suna Tylenol. Wani mugu ne ya zuba guba a cikin wasu kwalaben bayan sun bar masana'anta, kuma har yau ba a hukunta kowa a kan zuba gubar ba. Kamfanin, Johnson & Johnson, yana iya cewa ba laifina ba ne, a gari ɗaya abin ya faru. Amma ya shelanta wa jama'a su daina shan maganin, ya janye kwalba wajen miliyan 31 daga duk faɗin ƙasar, kayan da kuɗinsu ya haura dala miliyan 100. Da zai dawo da maganin kasuwa, sai ya dawo da shi da liƙi hawa uku, yadda in an taɓa za a gane. Wannan takardar da kike ɓarewa a bakin kwalbar magani, daga nan ta yaɗu. Mutane suka koma suna saye, don sun ga an fifita ransu a kan riba.

Kada kuma ki ɗauka wanda ya hau ya hau ke nan. Shi wannan kamfani daga baya dubban mata sun kai shi ƙara a kan wata hodarsa ta jarirai, suna cewa ta jawo musu ciwon daji. Ya musanta, amma a 2023 ya daina sayar da irin wannan hoda a duniya baki ɗaya. Gaskiya ba rawani ba ce da ake naɗa wa mutum sau ɗaya, kullum sai an sake riƙe ta.

Ɗaya misalin namu ne, kuma mai ciwo. A ƙarshen 2008 aka riƙa kai ƙananan yara asibiti a jihohin Legas da Kaduna da Osun, fitsari ya ɗauke musu, ƙoda ta tsaya. Da aka bincika sai aka gano wani maganin haƙori ne mai suna My Pikin. An samu wani sinadari mai guba a cikinsa, irin wanda ake amfani da shi a man birki da ruwan sanyaya inji. Hukumar NAFDAC ta ce daga hannun ɗan kasuwar da ba shi da izini aka sayo kayan haɗin. Yara 84 aka ƙirga sun rasu. A 2013 babbar kotun tarayya a Legas ta yanke wa ma'aikatan kamfanin biyu ɗaurin shekara bakwai-bakwai. Doka ta yi aikinta, amma bayan an rufe yara ta iso. Iyaye matan nan da hannunsu suka ɗura wa 'ya'yansu maganin, don sun amince da wanda ya haɗa shi. Duk ciniki a kan wannan amanar yake tsaye: mai saye ba ya nan lokacin da ake haɗi.

Saboda haka in kika ji kamfani ya haƙa rijiyar burtsatse ko ya raba shinkafa da azumi, ki ce madalla, amma ki tambaya: kayansa masu kyau ne? Yana biyan ma'aikatansa? Ina yake zubar da dagwalon masana'antarsa? Kyauta ado ce, tana zuwa ne bayan an sauke haƙƙi. Haka mu ma. Sadakar Juma'a ba ta wanke mudun da aka buga wa gindi, kuma kun san sura guda aka saukar da sunan masu tauye ma'auni.

To ke kamfanin tsakar gida, mu duba namu. Robar da kike zuba zoɓo da kunun aya, kin san inda aka tsinto ta, kin wanke ta da sabulu da ruwan zafi? Ruwan da kike damu da shi, za ki iya ba jaririnki? Alalar da ta kwana, kin ɗumama kin sa a tire a matsayin ta yau? Manjan da aka sa wa rini don ya yi ja, da waken da aka zuba wa maganin ƙwari mai ƙarfi, kin sani kika sarar? In ke uwar adashi ce, kwasar wata tana kaiwa ranar da aka yi alkawari? Na san halin da ake ciki, kaya sun yi tsada, ga bakuna a gida. Amma akwai hanya ta halal: ki rage girman ƙosai kowa ya gani da idonsa, ko ki ƙara kuɗi ki faɗa. In abu ya sami matsala, ki janye shi kamar yadda wancan kamfani ya yi, asarar kwano ɗaya ta fi sauƙi a kan ɗaukar alhakin ɗan wani.

Babban abin da ya fi damuna shi ne yaranmu. Yarinyar da kika ɗora wa tire kika ce, in an tambaye ki ki ce na yau ne, kin ba ta darasin da babu malamin da zai kankare. Ta ga hannunki lokacin awo, ta ji abin da kika ce da mai saye ya manta canjinsa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sannan in kullum abin da yaro yake ji shi ne bari ko in zane ka, kin bar shi a hawa na farko, ranar da ya fi ƙarfin bulala shi ke nan. Ki riƙa faɗa masa dalili. Ki ce, in kai aka yi wa haka, za ka ji daɗi? Ki ce, matar nan kuɗin cefanenta ke nan, mayar mata. In ya dawo da canjin da aka yi kuskure, ki yaba masa, ki sa masa albarka. Ko talla ta yi kwantai, kada ki yi wa yarinya dukan da gobe zai sa ta yi ƙarya ko ta bi wata hanya don ta cika kuɗi. Mai haɗa maganin gobe da mai kamfanin gobe, yau suna zaune a kan tabarmarki.

In kuma ke ce mai saye, kina da naki ƙarfin. Ki ce wa maigida ko ɗan aike ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewar magani, ya duba liƙin bakin kwalba. Wanda ya yi miki gaskiya ki riƙe shi, ki faɗa wa maƙwabta. Wanda ya yi ha'inci ki aika masa da magana cikin mutunci, in bai gyara ba ki sauya wuri.

A nan za mu dakata, lokaci ya yi halinsa. Allah Ya sa albarka a cikin sana'o'inmu, Ya ciyar da mu halal, Ya shirya mana zuri'a.