Ciyar da 'Yar Kwikwiya Bayan an Cire Mata Mahaifa



Tiyatar cire wa kariya mahaifa da ƙwayayenta mu likitocin dabbobi mun iya ta. Inda muke sakaci shi ne bayan an warware zare, kwana 10 zuwa 14 da yin aikin. Da zarar sinadarin istirojin ya ja baya sai cikinta ya buɗe, ga shi abin da jikinta ke ƙonawa ya ragu da wajen kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Maigida kuwa yana nan yana cika mata kwano yadda ya saba, har da ƙari don tausayi. Kafin ya farga ta yi teɓa.

Wahalar ita ce ba ta gama girma ba. Ƙananan jinsi kan kammala wajen wata 12, manya irin su Alseshan sai wata 18 ko fiye. Ƙashinta na neman furotin da kalsiyam, don haka kuskure ne a mayar da ita kan abincin manyan karnuka da wuri. A bar ta kan abincin kwiyakwiyai, a rage yawansa kaɗan-kaɗan, a raba sau biyu ko uku a rana. A auna da sikeli, domin gwangwanin yaron gida da na uwargida ba cika ɗaya suke yi ba.

Ma'aunin da na fi yarda da shi hannu ne. A tsarin maki 9 na auna ƙibar kare da Dakta Laflamme ta fitar a 1997, ana son kare ya tsaya a 4 ko 5. Ka shafa haƙarƙarinta: in ka ji ƙasusuwan ba sai ka danna ba, ka kuma leƙo ta sama ka ga ƙugu ya shiga, to lafiya. In sai ka lalubo su, a rage.

Wani zai ce ƙiba ai alamar gata ce. A binciken da aka wallafa a Amurka a 2002 kan karnuka 48 jinsin Labrador, waɗanda aka rage wa kashi 25 na abinci sun fi 'yan'uwansu tsawon rai da kusan shekara biyu, ciwon gaɓoɓi ma bai kama su da wuri ba.

A gidajenmu sauran tuwo da ƙanzo ne ke ɓata lissafi: sitaci zalla, miyar kuma da albasa, wadda ke lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare. Duk abin da za a jefa mata na lasawa kada ya wuce kashi 10 na cin ranar.

Ina roƙon abokan aiki, ranar sallama a rubuta nauyinta a kati, a sa wa mai ita ranar dawowa awo duk wata. Wanda asibiti ya yi wa nisa ya hau sikeli rungume da ita, ya sake hawa shi kaɗai, ya ɗebe.