Amanar Mai Tsaron Suwici



Abin da aka nemi in yi bayani a kansa yau wani ɗan akwati ne mai ƙofofi 24 ko 48, wanda akan jefa cikin kabad a ƙuryar ofis, ba mai waiwayarsa sai ran da intanet ta ɗauke, alhali kuwa duk wasiƙar da ta bar kwamfutar magatakarda, da duk takardar da aka tura a buga, ta cikinsa suke ratsawa. Sunansa suwici. Tun da Robert Metcalfe da abokan aikinsa suka ƙago hanyar Ethernet a Amurka cikin 1973, kwamfutoci sun daɗe suna tarayya a kan waya guda, kowa na jin maganar kowa tamkar mazauna zaure ɗaya, har zuwa wajen 1990 da kamfanin Kalpana ya fito da suwici, wanda ke miƙa kowane saƙo ga mai shi kaɗai. Wannan ni'ima ce, sai dai ta kurumtar da mai kula da na'urori, domin daga nan ba ya jin komai face abin da akwatin ya faɗa masa. Shi ya sa suwici mai karɓar umarni, wanda ake tambaya ya amsa, ya fi ɗan'uwansa bebe daraja nesa ba kusa ba.

Farkon abin tambaya shi ne littafin baƙi. Kowace na'ura tana da lambar shaida da ake kira MAC, wadda rabinta na farko ke nuna kamfanin da ya ƙera ta, kuma da zarar ta yi magana sai suwici ya rubuta lambar tare da ƙofar da ta shigo, kamar yadda sarkin ƙofa ke sanin wanda ya shiga birni, in kuwa ta yi shiru galibi na daƙiƙa 300 sai ya share ta. Idan ka tarar da lambobi goma sha biyar a bayan ƙofar da aka ba mutum ɗaya, to, mai yiwuwa wani ya jona na'urar raba intanet ba da izini ba. Amma a yi hattara wajen hukunci, domin wayoyin hannu na zamani kan sauya lambarsu da gangan.

Sai kuma ƙidaya, wadda a ra'ayina ita ce asalin aikin. Ta hanyar ƙa'idar SNMP, wadda aka fitar cikin 1988, akan tambayi kowace ƙofa duk bayan minti biyar nawa ya shiga, nawa ya fita, nawa ya iso a lalace, a zana amsoshin a jadawali. Wanda kuwa ya lazimci duba jadawalin nan a ranakun lafiya, har ya san yadda safiyar Litinin take da yadda la'asar ɗin Juma'a take, shi ne zai gane cuta tun ba ta kwantar da kowa ba. Saƙonni lalatattu in sun yawaita a ƙofa guda, sau da yawa waya ce ɓera ya gwaguya. Na taɓa shaida ranar da aiki ya tsaya cik a wata makaranta tun hantsi har azahar, saboda wani bawan Allah ya ga waya a ƙasa, da kyakkyawar niyya ya cusa bakinta biyu cikin suwici ɗaya, saƙonni suka yi ta kewaye ba iyaka. Da an kunna dabarar da Radia Perlman ta tsara cikin 1985 don toshe irin wannan da'ira, da ba wanda zai ma san an yi. Ina kuma roƙonku ku bar tsofaffin nau'o'in SNMP masu tura kalmar sirri a fili, ku koma na uku.

Saura madubi, kuma a nan nake so mu natsu. Ana iya umartar suwici ya kwafi duk abin da ke ratsa wata ƙofa ya zuba a wata, inda manhaja irin Wireshark ke jira ta karanta. Kuma ko da yake yawancin saƙonni yanzu a lulluɓe suke, mai madubi yana ganin wa ya yi magana da wa, da wane lokaci, da tsawon zancen, wanda ya isa ya tona asirin mutum. Malamanmu sun karantar da mu hanin tajassusi da ya zo a Suratul Hujurat, ban kuwa ga dalilin da zai fitar da ɗakin na'urori daga wannan hani ba. Lalura takan sa a buɗe madubi, kamar idan ƙidaya ta nuna wata kwamfuta na kwarara saƙonni waje tsakar dare. To, sai a nemi izinin shugaban ma'aikata a rubuce, a ambaci ƙofar da tsawon lokacin, a sanar da ma'aikata tun ranar ɗaukarsu cewa ana iya yin haka, in an gano matsalar a rufe madubin, a goge abin da aka kwafa a gaban shaida.