Rediyo Da Addu'a: Jawabi Ga Taron Mata



Yau muna so mu yi magana a kan ƙaramin akwatin nan da ke gefen gadon kowace mace a zangon nan, wato rediyo. Da yawanmu aure ko neman abinci ne ya kawo mu Kurmi. Uwa tana can gida, ƙanwa tana can. Idan dare ya yi, ciwo ya tashi ko maigida ya yi tafiya, wa za ki kira?

Tun da daɗewa masu bishara suka gane haka. A 1954 aka buɗe gidan rediyon ELWA a Laberiya, kuma tsofaffinmu sun sha jin wa'azi da Hausa daga can, kafin yaƙi ya lalata shi a 1990. A 1963 Muryar Bishara ta soma watsa shirye-shirye daga Addis Ababa, ana haɗa na Hausa a Jos, har gwamnatin soja ta Habasha ta ƙwace tashar a 1977. Aikin dai bai mutu ba. A 2008 ƙungiyar TWR ta buɗe tasha kusa da Parakou a ƙasar Benin, kuma Hausa na cikin harsunanta.

To, ina mata a ciki? A 1997 wata 'yar Brazil, Marli Spieker, ta kafa wani shiri a TWR domin mata masu shan wahala, ta sa masa sunan Hannatu, uwar annabi Sama'ila, wadda kishiya ta yi ta yi wa gorin haihuwa har ta kai kukanta gaban Ubangiji. Tsarin mai sauƙi ne: shiri a rediyo kan lafiya da zaman gida da Maganar Allah, sai kuma jerin roƙo na kowace rana da mata ke bi a ƙasashe da dama.

Amma 'yan'uwa, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Rediyo yana magana, ba ya ji. Ba zai riƙe wa mai jego jariri ba, ba zai raka gwauruwa asibiti ba. Wannan aikinmu ne.

Saboda haka muna roƙon abu uku. Na ɗaya, mu riƙa haɗuwa uku-uku ko huɗu-huɗu mu saurara tare, musamman da waɗanda ba su iya karatu ba. Na biyu, bayan shirin mu yi addu'a, kuma abin da 'yar'uwa ta faɗa a ɗaki ya tsaya a ɗaki. Wadda aka tona wa asiri sau ɗaya ba za ta ƙara buɗe baki ba. Na uku, mu bi addu'a da ƙafa, ko da mudun shinkafa ne. Maƙwabciyarmu Musulma ma, in ta kwanta ciwo, mu je mu gaishe ta, don tare muke baƙunci a garin nan.

Allah ya ba mu ikon aikatawa.