Batirin Da Ake Ginawa Sahu Bisa Sahu



Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, har kai rake kasuwar Makarfi ya zama sai an yi lissafi, hankalin matasanmu na Ikara da Makarfi da Kudan ya fara karkata ga babura masu tafiya da lantarki, alhali kuwa ran irin wannan abin hawa yana cikin batirinsa ne, shi kuma batirin litiyam bai rabu da illoli ba: ga jinkirin caji, ga zafi.

To, masana na neman maganin haka ta wata hikima, wato na'urar da ke gina abu sahu bisa sahu bisa umarnin kwamfuta, tamkar magini yana ɗora tubali. Galibi a masana'anta shafa sinadarin batiri ake yi a jikin fallen ƙarfe a danne shi, sai ruwan batiri ya kasa ratsa cikinsa sosai, wani sashe ya zauna ba ya aiki. Amma idan ginawa aka yi, ana iya barin ƙananan ƙofofi da gangan, ruwan ya kai ko'ina, caji ya shiga da hanzari. A 2013 malaman Jami'ar Harvard ta Amurka suka gina wani ɗan mitsitsin batiri ta wannan hanya, a 2018 na Carnegie Mellon suka gwada mai ƙofofin.

Sai dai fa, 'yan'uwa, akasarin wannan aiki yana ɗakin bincike tukuna. Duk wanda ya zo muku da batiri mai araha yana rantsuwa sabuwar fasaha ce, ku tuna araha ba ta ado. Sau da yawa tsofaffin ƙwayoyin batiri ne aka harhaɗa aka naɗe da leda.

Kuma ku daina jona caji a ɗakin da iyali ke barci! Kai Malam, ka dawo daga Hunƙuyi da tsakar rana, batiri ya ɗauki zafi, ka jona shi nan take, ka ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa? Tawakkali ai ba ya hana ɗaure raƙumi. Wutar litiyam tana iya mutuwa ta sake tashi, hayaƙinta kuma dafi ne. Batirin da ya kumbura ko yake wari, a fitar da shi fili nesa da zana da buhunan masara, kada a huda shi, kada a ba yara su fasa don neman jan ƙarfe.