Cikin yaran maigida, wa ya fi iya kasuwa?



A ce kai maigida ne, kana da yara huɗu masu saya maka awaki da tumaki: ɗaya a Karaga, ɗaya a Salaga, ɗaya a Yendi, ɗaya a Bawku. Ƙarshen shekara sai ka yaba wa wanda ya fi kawo riba, ka sallami na ƙasa. To, tsaya tukuna. Wataƙila na Bawku ka fi ba jari, ga shi kusa da Burkina Faso da Togo, inda dabbobi ke shigowa. Na Karaga fa, da ɗan abin da ka ba shi ya yi aiki.

A 1978 wasu masana uku a Amurka, Charnes da Cooper da Rhodes, suka fito da wata hanyar lissafi don irin wannan gardama, kuma makarantu suka fara gwada ta a kai. Ana rubuta abin da kowa ya ci: jari, kuɗin mota, dusa, kwanakin tafiya. Sannan abin da ya kawo: riba, da yawan dabbobin da suka isa lafiya.

Daga nan rigima ke tashi. Wannan ya ce riba ce magana, wancan ya ce shi ko akuya ɗaya ba ta mutu a hannunsa ba. Sai kwamfuta ta bar kowane yaro ya zaɓi ma'aunin da ya fi yi masa daɗi, bisa sharaɗin cewa da shi za a auna sauran, kuma ba wanda zai wuce maki 100. In da ma'aunin da ka zaɓa da kanka wani ya fi ka, ai ba ka da ta cewa. Lissafin ma zai nuna maka wanda za ka koya a wurinsa. Nan ne ni ya burge ni.

Amma yara huɗu sun yi kaɗan, kusan duk za su fito da 100. Abin ya fi dacewa da ƙungiyar fatake mai mutane da yawa masu sana'a iri ɗaya. Kuma lissafi bai san dokar hana fita ta Bawku ba, ko gadar da ruwa ya shanye, sai in an rubuta kwanakin da suka ɓata. Saboda haka kowace tafiya ta shiga littafi, har kuɗin da aka biya a shinge.